Dakta Barau Dikko (1912–1977): Likitan Farko Daga Arewa

Da wuya a sami mutumin Zariya ko na Kaduna da bai taɓa jin sunan Barau Dikko ba, sai dai mafi yawa sun san shi ne a matsayin sunan asibiti. In naƙuda ta yi tsanani a ce a garzaya Barau Dikko, in an yi haɗarin mota a ce waɗanda suka ji rauni suna kwance a Barau Dikko. Kaɗan ne daga cikin matasanmu za su iya faɗin ko wane ne mai sunan, balle su san cewa Bazazzagi ne, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya sami cikakkiyar shaidar likitanci irin na zamani.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a shekarar 1912 a ƙasar Zazzau, ya kuma tashi a cikin ƙaramar al'ummar nan ta Hausa-Fulani Kirista da ta taru a gindin Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS. Miller ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, wanda Sarkin Kano Alu ya ƙi bai wa masauki ya sallame su. Bayan zaman ɗan lokaci a Girku sai ya samu shiga birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A nan mishan ɗin ya zauna har wajen 1929, lokacin da aka mayar da shi bayan ganuwa, a Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da azara irin ginin Hausawa, aka kuma kafa asibitin St. Luke. Shi ya sa ake lissafa Dikko cikin 'ya'yan Wusasa, tare da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon waɗanda suka biyo bayansa.

Makarantar Miller ta bambanta da makarantun gwamnati na lokacin ta fuska guda mai muhimmanci. Turawan mulki sun tsara ilimin Arewa ne don samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, kuma ko Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 aikinta ke nan. Ba a shirya ɗalibanta don shiga jami'a ba. Miller kuwa yana koyar da Turanci tun daga ƙananan azuzuwa, yana kuma tura yaran da suka nuna hazaƙa zuwa Ikko. Ta wannan hanya Dikko ya shiga King's College, wadda aka kafa a 1909, daga nan kuma, bisa shawarar Miller, ya haye teku zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanci likitanci. Ya kammala a ƙarshen shekarun 1930. Don mai karatu ya gane irin tazarar da ke tsakani, Dakta Nathaniel King na Ikko ya zama likita tun cikin shekarun 1870. Kenan Kudu ta riga Arewa da kimanin shekara sittin.

A 1940 ya kama aiki da gwamnati a matsayin ƙaramin jami'in likita. Aikin da ya shiga ba a gina shi don irinsa ba. Tun 1902 Turawa suka keɓe manyan guraben likitocin Afirka ta Yamma ga 'yan'uwansu zalla, likita baƙar fata kuwa, ko da a aji ɗaya suka zauna da Bature a Ingila, yana wani rukuni na daban mai ƙarancin albashi da jinkirin ƙarin girma. Sai sannu a hankali wannan katanga ta rushe. Dikko ya yi shekara 13 kafin ya zama babban jami'in likita a 1953.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa cikin rayuwar wannan bawan Allah shi ne yadda sana'ar kanta ta juya a hannunsa. Likitancin da ya koyo a Birmingham kusan ya tsufa kafin ya cika shekara goma a bakin aiki. Lokacin da yake ɗalibi ba a fara yi wa majiyyata allurar finisilin ba. Sai a tsakiyar shekarun 1940 ta wadata. Ƙwayar nan ta M&B 693, wadda ta zama babban makami a kan sanƙarau, a 1938 ta fito. Kuturta ana fama da ita ne da allurar man wani itace na ƙasashen Asiya, allura mai zafi wadda amfaninta bai taka kara ya karya ba, har sai da likitocin Uzuakoli a gabashin Nijeriya suka tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson kai tsaye, mai arha, ta yi aiki. Wannan ne ya ba da damar a daina dogara ga killace kutare a zango, a koma raba musu magani mako-mako a ɗakunan shan magani na ƙauye. Kulorokwin ta maye gurbin kwinin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tarin fuka, wanda a da ba shi da magani sai hutu da abinci, ya sami nasa a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950. Ciwon barci ma ya sami sabuwar allura a 1949 ga waɗanda cutar ta riga ta kai wa ƙwaƙwalwa.

To, yaya likita ɗaya tilo a lardi guda yake bin wannan guguwa? A yau Hukumar Likitoci ta Nijeriya ba ta sabunta wa likita lasisi sai ya nuna shaidar ya halarci tarurrukan ƙarin ilimi. A zamanin su Dikko babu wannan doka. Babu kwalejin horar da ƙwararru a cikin ƙasa, domin ita sai 1979 aka kafa ta, bayan rasuwarsa. Abin da likita yake da shi shi ne mujallun likitoci da ke zuwa daga Ingila ta jirgin ruwa da na ƙasa, sun kwana biyu a hanya, da takardun umarni daga hedikwatar ma'aikata, da rahoton shekara wanda dole kowa ya rubuta, sai kuma hira da abokan aiki in an haɗu a Kaduna. Wanda ya yi sakaci da karatu zai ci gaba da ba da maganin da aka daina yayi, kuma babu wanda zai kama shi, sai dai majiyyata su ɗanɗana. A ganina, hawan da Dikko ya yi har zuwa shugabancin sashen da ya fi kowanne dogara da sabon ilimi shaida ce a kan irin riƙon da ya yi wa karatu.

Wannan sashe shi ne na cututtukan da suka zama 'yan gida, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, inda aka naɗa shi babban likita mai kula da shi a 1957. Zazzagawa ba baƙi ba ne ga irin wannan yaƙi. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa ƙasar Zazzau mummunar ɓarna, har ta kai gwamnati ta ɗauki aikin Anchau, inda aka sassabe kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka gina rijiyoyi na siminti, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna da Vom ita ma daga wannan gwagwarmaya ta samo asali. A shekarun 1950 kuma aka gwada fesa maganin sauro gida-gida a yammacin lardin Sakkwato. Agana da sanƙarau kuwa kowace rani sai sun ɗauki rabonsu.

Irin wannan aiki ba na ɗakin tiyata ba ne. Aiki ne na ayarin ma'aikata masu yawo ƙauye-ƙauye da madubin likita, suna tara jama'a a ƙofar dagaci, suna laluben kaluluwa a wuya, suna ɗibar jini, suna yin lamba. Likitoci ba su kai ko'ina ba, saboda haka nauyin ya faɗa kan malaman asibiti na ɗakunan shan magani na En'e, da duba-gari da aka horar a Makarantar Tsabta ta Kano, da masu haɗa magani da suka fito daga makarantar Zariya, da ungozomomi. Duk lokacin da magani ya canza, dole a sake koya wa waɗannan mutane awo da ƙa'ida, yawanci da Hausa. A nan ne fa'idar samun likita ɗan ƙasa ta fi bayyana. Bature yana bukatar tafinta kafin ya gane abin da tsohuwa take nufi in ta ce shawara ke damun jikanta ko iska ta taɓa shi. Dikko ya tashi cikin masu wannan magana, ya san matsayin wanzami da maɗori da boka a idon jama'a, ya kuma san cewa talaka ba ya zuwa asibiti sai ya gama da su.

Ba za a ba da tarihinsa a tsallake siyasa ba, ko da yake ɗan zaman da ya yi a cikinta gajere ne. A watan Oktoba na 1948 ya kira taron 'yan boko a Zariya, a daidai lokacin da Malam D. A. Rafih ya tara wasu a Kaduna, kuma haɗewar ƙungiyoyin biyu ce ta haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taronta na farko a Kaduna cikin 1949 aka zaɓi Dikko shugaba, a zauren da ya haɗa irin su Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Abokan gabar da ƙungiyar ta ambata uku ne: jahilci da lalaci da zalunci. Yana da kyau 'yan baya su lura cewa taron da kusan dukkansa Musulmi ne, har da manyan malamai a ciki, shi ya ɗora Kirista a kan kujerar shugabanci, kuma ba a ji sama ta faɗo ba.

Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba na 1951, doka ta hana ma'aikacin gwamnati riƙe muƙami a cikinta. Dikko ya sauka ya riƙe aikinsa. Wasu na ganin ya yi asarar babbar dama, tunda jam'iyyar da ya bari ita ta mulki Arewa har zuwa 1966. Ni dai ban ga asara ba. Masu iya hawa dandamali ba su yi wa Arewa ƙaranci ba a 1951. Likitocinta 'yan ƙasa kuwa yatsun hannu ɗaya sun ishe su. Ishaya Audu, haifaffen Anchau, sai a 1954 ya kammala nasa karatun a Landan. Makarantar likitoci da aka buɗe a Kano a tsakiyar shekarun 1950 ba ta yi tsawon rai ba. Arewa ba ta sami tsangayar likitanci mai ɗorewa ba sai a 1967, a Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin Ishaya Audu yana shugabanta, kuma ɗalibanta na farko sun fito a 1972.

A shekarar 1967 ɗin ce Janar Gowon ya kira shi Ikko ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki, ana shirin faɗawa yaƙin basasa. Kujera ce mai zafi, domin man fetur yana ƙarƙashinta, kuma rijiyoyin man suna bakin daga. A zamaninsa aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma kafa dokar man fetur ta 1969 wadda ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwan Nijeriya. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri, Shettima Ali Monguno ya gaje shi a ta ma'adinai.

Ya rasu a 1977. Asibitin da aka sanya wa sunansa a Kaduna shi ne wanda tsofaffi suka sani da Nursing Home, wanda aka gina a zamanin mulkin mallaka domin jinyar Turawa. Daga baya ya zama asibitin ƙwararru na jiha, yanzu kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda ɗaliban likitanci daga Zariya da Kafanchan da Birnin Gwari suke bin malamansu zagayen gadaje kowace safiya.