Antoni Lewanhuk, Mai Kantin Yadi Wanda Ya Fara Ganin Bakteriya

Cikin littattafan kiwon lafiya da mu ke karantawa a nan kwaleji, sunan Pasteur da na Koch su ne kullum a gaba. Amma akwai wani mutum da ya riga su da shekara wajen 200, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, bai kuwa san Latin ba, alhali a zamaninsa da Latin masana su ke rubutu. Sunansa Antoni Lewanhuk, mutumin ƙasar Holan. Labarinsa ni ke so in ba ku.

An haife shi a garin Delft ran 24 ga Oktoba, 1632. Ubansa masaƙin kwanduna ne, ya rasu tun Antoni yana ƙarami. Da ya kai shekara 16 aka aike shi Amstadam ya koyi ciniki wurin wani mai sayar da yadi. A 1654 ya komo gida, ya yi aure, ya buɗe kantinsa. Ya sami 'ya'ya biyar, amma huɗu suka mutu tun suna jarirai, sai 'ya guda mai suna Mariya ta rayu. Daga baya hukumar gari ta ba shi aikin lura da zauren majalisa, wanda ya sama masa albashi da kuma sarari.

To, masu sayar da yadi a lokacin su kan duba saƙa da gilashi mai ƙara girman abu, don su san ko zaren na kirki ne. Lewanhuk bai tsaya nan ba. Ya koyi gyaran gilashi da hannunsa, ya kan yi ɗan ƙanƙane, wani bai wuce kan allura mai ƙulli ba, ya maƙala shi tsakanin falle biyu na tagulla, ya sa tsinke a baya inda za a ɗora abin dubawa. Madubin duka bai kai tsawon yatsa ba. Sai an kai shi dab da ido, an fuskanci haske, kana a ga wani abu. Ya yi gilasai fiye da 500 a rayuwarsa, kuma cikin 'yan kaɗan da suka rage har yau, akwai wanda ke ƙara girman abu fiye da sau 250.

A 1673 wani likita na garinsu, Reinier de Graaf, ya rubuta wa jam'iyyar masana ta Landan, watau Royal Society, ya ba su labarinsa. Wasiƙar Lewanhuk ta fari ta yi magana a kan funfuna, da ƙudan zuma, da ƙwarƙwata. Daga nan bai daina rubuta musu ba har shekara 50, duk da harshen Holan, su kuwa suna sa a fassara.

A 1674 ya ɗebo ruwa daga wani tafki kusa da Delft, wanda kan yi kore da bazara. Mutanen ƙauye suna cewa raɓa ce ke kawo koren. Da ya duba, sai ya ga zaruruwa kore masu murɗewa, ga kuma waɗansu 'yan halitta suna iyo tsakaninsu, waɗansu da sauri, waɗansu a hankali. Wannan gansakuka ce irin wadda mu ke gani a kududdufi, amma kafin shi ba wanda ya san yadda jikinta ya ke.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1676. So ya ke ya san dalilin da ya sa masoro ke da yaji, yana tsammani ko waɗansu 'yan ƙayoyi ne a jikinsa ke sukar harshe. Ya jiƙa masoro cikin ruwa har wajen mako uku don ya yi laushi. Ƙayoyin dai bai gan su ba. Abin da ya tarar shi ne ruwan ya cika maƙil da abubuwa masu rai, waɗansu don ƙanƙanta ya ƙiyasta ko an jera 100 ba za su kai tsawon ƙwayar rairayi guda ba. Waɗannan su ne bakteriya. Mutanen Landan ba su yarda ba, ni kuwa ban ga laifinsu ba, gama madubinsu bai nuna musu kome ba. Sai da ya aika da shaidar mutum takwas, har da fastoci, waɗanda suka gani da idonsu. A ƙarshen 1677 Robert Hooke ya sake gwadawa a Landan, ya ga 'yan halittan cikin ruwan masoro, gardama ta ƙare. A 1680 suka zaɓe shi ya zama ɗan jam'iyyarsu. Cikin wannan shekara kuma ya duba yisti na giya, ya ga 'yan dunƙule-dunƙule, amma bai gane masu rai ne ba. Yau mun san yisti dangin funfuna ne da naman kaza.

A 1683 ya juya kan bakinsa. Shi mutum ne mai goge haƙori da gishiri kowace safiya, duk da haka da ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa ya gauraya da ruwa, sai ga su nan birjik. Ya zana su, waɗansu kamar sanda, waɗansu kewayayyu, waɗansu a lanƙwashe, kuma har yanzu siffa tana cikin abubuwan da a ke rarrabe bakteriya da su. Ya nemi tsofaffin da ba su taɓa wanke baki ba, nasu ya fi yawa nesa. Ya kurkure baki da ruwan tsami, ya tarar na sama kaɗai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu. Malamin da zai koya wa yara amfanin asawaki ba ya bukatar labarin da ya fi wannan.

Har wa yau ya ƙaryata zancen da ke cewa ƙuma daga ƙura ta ke fitowa, ko ƙwarin rumbu hatsi ne ke haifarsu. Ya bi su ya nuna daga ƙwai su ke.

Bai ce waɗannan halittu ne ke kawo cuta ba. Wannan sai zamanin Pasteur, da Koch wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Yawancin bakteriya ma ba su cutar kowa. Su ne ke sa madara ta zama nono, su ne ke nunar da daddawa. Amma a ganina da Lewanhuk ba mai rowar sani ba ne, da jiran bai yi tsawo haka ba. Bai koya wa kowa yadda ya ke gyara gilashinsa ba, bai ɗauki almajiri ko ɗaya ba, mafi kyaun madubansa kuwa ba ya nuna wa baƙi. Baƙin kuwa suna zuwa, har da Sarkin Rasha, Bitrus Babba, wanda a 1698 aka nuna masa yadda jini ke gudu cikin wutsiyar kifi.

Ya rasu ran 26 ga Agusta, 1723, yana da shekara 90, aka binne shi a Tsohuwar Majami'a ta Delft. Mariya, wadda ta zauna da shi har ƙarshe, ta aika da madubai 26 zuwa Landan bisa ga wasiyyarsa. Jam'iyyar ta ajiye su fiye da shekara 100, daga baya suka ɓace, har yau ba a same su ba.