Carlo Abarth: Mutumin da ya koya wa ƙananan motoci gudu

A duk inda masu sha'awar gyara tsofaffin motoci da sake musu fasali suka hallara a nahiyar Turai, da wuya a tashi ba a ambaci sunan Carlo Abarth ba. Shi dai wannan ɗan taliki, wanda ya rasu a shekarar 1979, ya yi suna ne wajen ɗaukar 'yar ƙaramar motar da talaka ke iya saye, ya ƙara wa injinta ƙarfi, ya sake mata salansa da kujeru da fenti, har ta kai ga yin kafaɗa da kafaɗa da manyan motoci a filin tsere. Tambarinsa mai hoton kunama na nan a jikin motocin da ake ƙerawa har yau.

An haifi Karl Albert Abarth a ranar 15 ga watan Nuwamban 1908 a birnin Vienna, a zamanin daular Ostiriya da Hangari. Asalin danginsa na wajen uba daga garin Merano ne da ke yankin Tirol ta Kudu, yankin da ya koma hannun Italiya bayan Yaƙin Duniya na Farko. Wannan dangantaka ce ta ba shi damar zama ɗan ƙasar Italiya daga baya, inda sunansa ya koma Carlo.

Tun yana matashi hankalinsa ya karkata ga aikin ƙarfe da injuna. Ya yi aiki a wuraren ƙera kekuna da babura, kana ya shiga tseren babur, inda ya samu nasararsa ta farko a birnin Salzburg a shekarar 1928. Wani mummunan haɗari da ya yi a birnin Linz ya tilasta masa barin tseren babur na mutum ɗaya, sai ya koma ga babur mai akwatin fasinja a gefe, wanda shi da kansa ya tsara shi. Da irin wannan babur ne a shekarar 1934 ya yi tsere da jirgin ƙasan nan mai suna Orient Express, tsakanin Vienna da garin Ostend na ƙasar Beljiyam, tafiyar da ta haura kilomita 1,300, ya kuma riga jirgin isa. Tun daga nan ya fahimci cewa abin da jama'a suka gani da idonsu ya fi kowace irin talla tasiri, darasin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa ta kasuwanci.

A ƙarshen shekarun 1930 ya sake yin wani haɗarin a birnin Ljubljana na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci, wanda ya kwantar da shi a asibiti na tsawon lokaci, ya kuma raba shi da tseren babur baki ɗaya. A can ya zauna yana aikin injuna har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sa'annan ya koma Merano.

Daga rushewar Cisitalia zuwa kafa kamfani

Abarth ya daɗe da sanin iyalan Porsche, shahararrun masu tsara motoci. Bayan yaƙin, shi da wani injiniya mai suna Rudolf Hruska suka zama tsani tsakanin ofishin Porsche da attajirin nan Piero Dusio, mai kamfanin motocin tsere na Cisitalia a birnin Turin. Dusio ya ba Porsche kwangilar tsara masa wata motar tsere ta musamman, kuma kuɗin wannan kwangila sun taimaka wajen biyan belin Ferdinand Porsche, wanda hukumomin Faransa ke tsare da shi, aka sake shi a shekarar 1947. Shi kuwa Abarth sai ya zama mai kula da harkokin tsere na kamfanin.

To sai dai motar ta lashe kuɗi fiye da ƙima, kamfanin ya durƙushe, Dusio ya tattara ya koma ƙasar Ajantina. Abarth, wanda a lokacin yake da shekaru 40 a duniya, ya tashi da 'yan motocin tsere da kayayyakin gyara da ya samu daga abin da kamfanin ya bari. Da su ne ya kafa kamfanin Abarth & C. a birnin Bologna a ranar 31 ga watan Maris na 1949, tare da direban tsere Guido Scagliarini, wanda mahaifinsa Armando ya zuba jarin. Ya zaɓi kunama a matsayin tambari saboda ita ce alamar burujin da aka haife shi a ciki bisa lissafin taurari na Turawa. Ba da jimawa ba harkokin kamfanin suka tattara a Turin, cibiyar masana'antar motoci ta Italiya.

Motarsa ta farko, 204A, ta shiga tarihi ta wata fuskar. Da ita ce mashahurin direban nan Tazio Nuvolari ya yi tserensa na ƙarshe a watan Afrilun 1950, a gasar hawan dutsen Pellegrino da ke kusa da birnin Palermo, inda ya zo na ɗaya a rukuninsa.

Arzikin da ya fito daga salansa

Tsere dai cin kuɗi yake yi, kuma Abarth ya ga yadda ya kai Cisitalia ƙasa. Saboda haka ya nemi abin da zai riƙa shigo da kuɗi kullum, ya kuma same shi a wani ɓangare na mota da ba kowa ke kula da shi ba, wato salansa. Inji tamkar mai numfashi ne: yana shaƙar iska da mai, ya ƙona su, ya fitar da hayaƙi. Idan hanyar fitar hayaƙin ta ƙuntata, sai injin ya ɓata wani kaso na ƙarfinsa wajen tura shi waje. Salansar Abarth tana barin hayaƙin ya wuce cikin sauƙi, yayin da wata audugar gilashi da aka cusa a cikinta ke rage ƙarar. Da haka mota kan ɗan ƙara kuzari, ta kuma yi wata irin murya mai kauri da matasan Italiya suka so matuƙa.

Ya kuma mai da hankali ga yadda kayan ke bayyana ga ido. Ya yi wa salansar baƙin fenti marar ƙyalli, ya sa mata baki mai sheƙi, ya manna mata tambarin kunama, ya kuma tallata ta a jaridu kamar kayan ƙawa. Duk da ta fi ta kamfani tsada, mutane sun yi rububin sayenta. Alƙaluman tarihin kamfanin sun nuna cewa a shekarar 1962 kaɗai an ƙera salansa dubu 257, aka kuma fitar da kusan kashi 65 cikin ɗari zuwa ƙasashen waje.

Akwatin da ke sauya mota

Babbar damar ta zo a shekarar 1955, lokacin da kamfanin Fiat ya fito da ƙaramar motarsa samfurin 600, wadda ta zama motar farko ga dubban iyalai a Italiya. Injinta na baya ne, mai silinda huɗu, girmansa sisi 633, ƙarfinsa bai wuce na dawaki 22 ba, gudunta kuma bai kai kilomita 100 a sa'a ba. Abarth ya ƙara faɗin silindar daga milimita 60 zuwa 61, ya ƙara tsawon zirga-zirgar fistin daga milimita 56 zuwa 64, girman injin ya koma sisi 747. Ya sake sandar da ke buɗe bawul, ya sa kafireto mafi girma da salansarsa. Sakamakon haka ƙarfin injin ya kusa ninkawa, ya haura na dawaki 40, motar kuma ta fara taɓa kilomita 130 a sa'a. Wannan ita ce Fiat Abarth 750 ta shekarar 1956.

Hikimar da ta fi jan hankali ita ce yadda ya sayar da wannan gyara. Mai kuɗi na iya sayen motar a kammale, wanda kuwa ke da tasa 600 ɗin a gida sai ya sayi akwatin katako da aka shirya dukkan kayan a ciki, tun daga fistin har zuwa tambarin da za a manna, ya kai wa bakanikensa ya ɗaura masa. Ta haka ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa ke zuwa aiki da motarsa a ranakun mako, ranar Lahadi kuma ya shiga tsere da ita.

Gyaran ya haɗa har da ciki da wajen motar. Akwai ƙaramin sitiyari mai ƙafa uku, da agogunan da ke nuna juyin inji da zafinsa a gaban direba, da kujerun da ke riƙe jiki a kan kwana. A waje kuma akwai jan layi a gefe, wasu motocin tseren ma har da rufi mai zanen dara. A samfurin 850 TC da 1000 TC an ƙara lagireto a gaba, aka kuma riƙa tokare murfin injin na baya a buɗe domin iska ta sanyaya shi, abin da ya zama alamar da ake gane motocin Abarth da ita tun daga nesa. Ga masu son sabon jiki gaba ɗaya, kamfanin Zagato ya ƙera wa 750 bodin alminiyam mai rufi mai tudu biyu, motar da ta lashe rukuninta a gasar Mille Miglia ta 1957.

Shaida a filin Monza

Masu shakka sun riƙa cewa injin da aka matsa wa haka ba zai yi ƙarko ba. Abarth ya ba su amsa a filin tsere na Monza da ke kusa da birnin Milan. A shekarar 1956 wata 750 mai jiki na musamman da kamfanin Bertone ya ƙera ta yi sa'o'i 24 tana zagaye, ta ci kilomita 3,743. A shekarar 1958 kuma ya ɗauki sabuwar Fiat 500, wadda masu saye ke ƙorafin ba ta da ƙarfi, ya ninka ƙarfin injinta daga na dawaki 13 zuwa 26, aka yi mako guda cur ana gudu da ita dare da rana. Ta ci fiye da kilomita dubu 18, a kan matsakaicin gudu na kilomita 108 a sa'a.

Wannan bajinta ta ɗaga darajar motar a idon jama'a, ta kuma sa Fiat ya ƙulla yarjejeniya da Abarth, inda zai riƙa biyansa lada a kan duk nasarar da mota mai ɗauke da sunan Fiat Abarth ta samu. Daga nan motocin kunama suka bazu a kowane irin tsere, babba da ƙarami. Samfurin 595 ya biyo baya a 1963, sai 695 a 1964. Ya kuma yi aiki da kamfanin Porsche na Jamus da Simca na Faransa.

A watan Oktoban 1965, yana gab da cika shekaru 57, Abarth ya yanke shawarar shiga mota da kansa domin kafa tarihin saurin tashi a Monza. Da yake mutum ne mai jiki, mazaunin direban kuma matsattse ne, sai da ya rage kimanin kilo 30 ta hanyar taƙaita abincinsa ga tuffa kafin ya iya shiga. Ya kuma cim ma burinsa a ranar 20 ga watan.

Sayar da kamfani da abin da ya bari

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kuɗin da tsere ke ci ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani irin nasa. A shekarar 1971 ya sayar da shi ga Fiat. Sashen motocin tseren ya koma hannun Enzo Osella, yayin da Fiat ya mai da ma'aikatan Abarth masu shirya masa motocin gasar rali. Da motar Fiat 131 Abarth kamfanin ya lashe kambun duniya na masu ƙera motoci a 1977 da 1978 da kuma 1980. Shi kuwa Carlo Abarth ya koma mahaifarsa Vienna, inda ya rasu a ranar 24 ga watan Oktoban 1979, yana da shekaru 70.

Bayan shekaru sunan yana kwance, Fiat ya farfaɗo da shi a shekarar 2007, kuma tun daga 2021 yana ƙarƙashin rukunin kamfanonin Stellantis. Tsofaffin motocin na asali sun zama kayan tarihi masu tsada, lamarin da ya haifar da wata matsala. Tun da kowa na iya ɗaura kayan Abarth a kan Fiat ɗinsa, bambance ta ainihi da ta kwaikwayo na da wuya, kuma mai saye na iya tafka asara idan bai yi hattara ba. Don haka ne a shekarar 2015 aka buɗe wani gareji na musamman a Turin, inda ake sabunta tsofaffin motocin, ake kuma duba lambobin inji da na jiki a gwada su da takardun kamfanin kafin a ba da shaidar sahihancinsu.

Sana'ar sayar da kayan ƙara wa mota ƙarfi da ƙawa a shirye, waɗanda bakanike zai ɗaura a garejinsa, ta bunƙasa ƙwarai a duniya bayan zamanin Abarth, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka share mata fage a nahiyar Turai.