Muhammadu Bakatsine, masanin lissafi

Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin Katsina, birnin da ke kudu da Maraɗi. Ya rayu kusan shekara ɗari uku da suka wuce. A zamaninsa babu lakol irin ta yanzu. Wanda yake son ilimi sai ya nemi malami, ya zauna gabansa, ya yi masa hidima, ya karanta littafi ɗaya bayan ɗaya.

Haka Muhammadu ya yi. Ya yi karatu wurin Malam Muhammadu Alwali na ƙasar Bagirmi. Ya bi wani malami, Muhammadu Fudu, wajen shekara 4, a gida da wurin tafiya. A hannunsa ya koyi nahawun Larabci, har malamin ya yi masa laƙabi da Sibawaihi, sunan wani babban masanin nahawu. Sannan Malam Muhammadu Bindu ya koya masa lissafi, da ƙidayar lokuta, da ilimin hatimi.

Hatimi zane ne mai gida-gida. Ana sa lamba a kowane gida, kuma ba a maimaita lamba. Ga mafi ƙanƙanta:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

In an haɗa lambobin kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, sai a sami 15. Lambar tsakiya 5 ce, layi kuma gida 3 ne: 5 sau 3, 15 ke nan. Hatimi mai gida 5 a kowane gefe yana ɗaukar lambobi daga 1 zuwa 25. Lambar tsakiyarsu 13 ce, saboda haka kowane layi zai ba da 65. Cika babban hatimi da lalube aiki ne mai wuya. Muhammadu ya bayyana hanyoyin da ake bi daga gida zuwa gida har a cika shi ba kuskure.

Wajen shekarar 1730 ya yi aikin hajji. Daga Makka ya wuce Alƙahira, babban birnin Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafinsa na hatimi da Larabci, mai suna Bahajatul Afaƙi. A ciki ya gargaɗi ɗalibai kada su yanke ƙauna idan aiki ya ƙi fita, su sake gwadawa.

A Alƙahira ya sauka gidan Hasan Aljabarti, masanin taurari da lissafi. Mai gidan ya zauna gaban baƙonsa, ya koyi ilimin hatimi. Almajirin jiya ya zama malami a birnin malamai.

Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a gidan Hasan a shekarar 1741, aka binne shi a Alƙahira. Kafin rasuwarsa ya damƙa littattafansa amana a hannun mai masaukinsa. Daga baya ɗan Hasan, Abdurrahman Aljabarti, ya rubuta tarihin Masar, ya sa labarin Bakatsinen da sunayen malamansa a ciki.

Tambayoyi
1. Waɗanne malamai ne suka karantar da Muhammadu?
2. Me ya koya wurin Malam Muhammadu Bindu?
3. Hatimi mai gida 7 a kowane gefe yana ɗaukar lambobi daga 1 zuwa 49. Nawa kowane layi zai bayar?