Eliot Porter

Eliot Furness Porter (an haife shi ranar 6 ga Disamba, 1901, ya mutu ranar 2 ga Nuwamba, 1990) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice da hotunan tsuntsaye da na daji masu launi. Yana cikin waɗanda suka sa aka fara rataye irin waɗannan hotuna a manyan gidajen nune-nune tare da ayyukan masu zane.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Winnetka da ke jihar Illinois. Tun yana yaro yake ɗaukar hoton tsuntsaye a tsibirin Great Spruce Head na jihar Maine, wanda mallakar iyalinsu ne. Ƙanensa Fairfield Porter shahararren mai zane ne. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya kammala ilimin likitanci a 1929, sannan ya zauna can yana bincike da koyarwa.

Aiki

A ƙarshen 1938 Alfred Stieglitz ya baje kolin hotunansa a New York. Bayan wannan ne Porter ya ajiye aikin jami'a ya rungumi kyamara, yana gab da shekara arba'in.

Da farko hotunansa fari da baƙi ne. Wani editan kamfanin Houghton Mifflin ya ƙi karɓar littafinsa na tsuntsaye, domin idan babu launi da wuya mai karatu ya bambance wannan tsuntsu da wancan. Sai ya koma amfani da fim ɗin Kodachrome. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, don a wancan zamani masana fasaha suna ganin hoto mai launi na 'yan talla ne kawai. Ga shi kuma fim ɗin yana bukatar haske mai yawa, tsuntsu kuwa ba ya tsayawa. Porter kan kafa dandamali har ya kai tsayin sheƙa, ya jera fitilu masu walƙiya, ya yi ta jira. Shi yake wanke hotunansa da kansa: a raba hoto gida uku, kowane kashi a jiƙa shi da rini nasa, sannan a danna su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda. Aiki ne mai cin lokaci, amma ya ba shi ikon daidaita kowane launi yadda yake so, kuma ilimin sinadarai da ya karanta ya yi masa rana a nan.

A 1943 gidan nune-nune na MoMA ya nuna hotunansa na tsuntsaye. Ya koma yankin Santa Fe na jihar New Mexico da zama a 1946. Ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta buga littafinsa na 1962, wanda ya haɗa hotunansa da rubutun Henry David Thoreau. A 1963 ya fitar da littafi kan kwarin Glen Canyon, wanda ruwan madatsa ya shanye. Ya kuma yi aiki a Gabashin Afirka, inda hotunansa suka fito tare da rubutun Peter Matthiessen a 1972.

A 1979 gidan tarihi na Metropolitan ya shirya masa baje koli mai suna Intimate Landscapes, karo na farko da gidan ya keɓe wa mutum ɗaya nunin hotuna masu launi.

Mutuwa

Ya mutu a Santa Fe yana da shekara 88. Ya bar wasiyyar a miƙa hotunansa da takardunsa ga gidan tarihi na Amon Carter da ke Fort Worth, jihar Texas.