Barbara McClintock, Matar Da Ta Ƙare Rayuwarta A Gonar Masara

A bangonmu na wannan mako mun kawo muku tarihin wata mata 'yar Amurka wadda ta shafe fiye da shekara 60 tana binciken masara. Eh, masarar nan da muke gasawa da damina.

An haifi Barbara McClintock ranar 16 ga Yuni, 1902 a garin Hartford. Mahaifinta likita ne. Da ta gama sakandare mahaifiyarta ba ta so ta je jami'a ba, tana tsoron kada ta rasa mijin aure. Amma a 1919 ta shiga Jami'ar Cornell, sashen aikin gona, kuma a 1927 ta samu digirin dakta a ilimin tsirrai.

Kafin mu ci gaba, sai mun tuna darasin kimiyya. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu abubuwa kamar zare da ake kira kuromosom. A kansu ƙwayoyin gado suke zaune, wato abin da ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Suna zuwa biyu-biyu kamar takalmi. Mutum yana da 46, masara tana da 20. A lokacin, masana sun san wasu halayen masara da ake gada tare, amma ba su san kuromosom ɗin da ke ɗauke da su ba. Barbara ta gyara hanyar rina su da launi, ta duba da madubin ƙara girma, har a 1929 ta iya bambanta iri goman nan ta tsawonsu da siffarsu.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce wannan. Wani lokaci akan samu masara mai kuromosom 21, wato iri ɗaya ya zo uku maimakon biyu. Manomi ba zai so irin wannan shuka ba, don sau da yawa ba ta da ƙarfi. Ita kuwa Barbara abin nema ne ya samu. Idan aka haɗa masara mai ƙwaya mai launi da mai farar ƙwaya, jikokinsu sukan fito uku masu launi, ɗaya fari. To idan ƙwayar gadon launin tana kan kuromosom ɗin da ya zo uku, sai lissafin ya kauce. Idan kuma ba a kansa take ba, lissafin yana nan yadda yake. Ke nan da ƙirga ƙwayoyin masara ake gano gidan da hali yake zaune! A 1931 ita da Henry Hill suka nuna haka cewa wata ƙwayar gadon launi tana kan kuromosom na 10, ƙaraminsu duka.

Dabarar ba ta tsaya kan masara ba. Sha'ir, hatsin nan mai kama da alkama, yana da kuromosom 14, wato iri bakwai. Wani masani ɗan Japan, Takumi Tsuchiya, ya tara shuke-shuken sha'ir bakwai, kowace da ƙarin kuromosom nata daban, aka yi amfani da su wajen zana taswirar gadon sha'ir.

A 1941 Barbara ta koma cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor. A can ta lura da ƙwayoyin masara masu dabbare-dabbare, ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado suna tashi daga wani wuri su koma wani. Da ta bayyana haka a wani taro a 1951, yawancin masana ba su gamsu ba. A 1953 ta daina buga rubutu a kan batun, amma ba ta daina shuka masararta ba. Mu dai muna ganin ba a kyauta mata ba. Sai da aka ga irin wannan abu a ƙwayoyin bakteriya bayan shekaru, sannan aka dawo kan maganarta.

A 1983, tana da shekara 81, aka ba ta kyautar Nobel ta fannin likitanci. Ita ce mace ta farko da ta karɓi kyautar wannan fanni ita kaɗai, ba a raba da kowa ba. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992 tana da shekara 90.