Shehu Usmanu, Malamin Ƙauyuka

Ya kai saurayi Musulmi, an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta cikin 1754, ya tashi a Degel. Yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi. Ya shiga Kabi, ya yi kamar shekara 5 a Zamfara, yana bin ƙauyuka, yana karantar da maza da mata Sunna da harshensu, yana hana bidi'a. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba shi dukiya a Magami, ya ƙi karɓa. Iznin wa'azi da sakin fursunoni ya nema. Ya rasu a Sakkwato cikin 1817, Allah ya jiƙansa.

To, kai fa? Ga yara nan a Achilafiya da rugagen Gwiwa, wasu ko babbaƙu ba su sani ba. Wa kake jira ya karantar da su?