Musa Ɗanƙwairo da Sunan Aro

An haifi Musa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne. Laƙabin Musa na aro ne, domin wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya ake kira Ƙwairo, aka ji muryarsu ta zo ɗaya. Ya fara da kiɗan noma, ya yi wa yayansa Kurna amshi, daga bisani ya waƙe Sardauna da sarakuna. Ya rasu a 1991. Shin yaron gona da dattijon fada mutum ɗaya ne? Jiki ya sauya, kiɗa ya sauya, sunan aro ya zauna, har ba a tuna Ƙwairo sai an ambaci Musa.